Jihohi Sun Sa Hannu a Dokar Kare Yara, Amma Wace Doka ce Ke Aiki a Caji Ofis?

Kusan shekara ashirin aka ɗauka tsakanin lokacin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya rattaba hannu a kan Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya a 2003, da lokacin da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta Jihar Kano a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki kaɗan ya sauka daga mulki. Maƙwabtan Kano ma ba su riga ta da nisa ba. Kaduna ta yi tata a 2018, Katsina a 2020, Sakkwato da Jigawa a 2021, Borno da Zamfara a 2022, Bauchi kuwa sai a ƙarshen 2023.

A duk tsawon wannan ja-in-ja, magana ɗaya ce ta cika kunnen jama'a, wato shekarun aurar da yarinya. Dokar tarayya tana da sassa har 278, amma da wuya ka haɗu da wanda ya san wani abu a cikinta ban da sashe na 21, wanda ya hana aure kafin shekara 18. Malamai sun yi wa'azi a kansa, 'yan majalisa sun yi gardama a kansa, ƙungiyoyi sun yi taro a kansa. Ana wannan ƙura, wani babban ɓangare na dokar ya wuce ba wanda ya tanka masa: abin da za a yi da yaron da aka kama da laifi, da yaron da iyayensa suka kasa da shi, da wanda ba shi da kowa. A ganina nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne gyaran bai isa ba har yau.

Kafin a je can, yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa dokar da majalisar tarayya ta yi ba ta hau kan Kano ko Katsina kai tsaye ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, shekara biyu bayan an ƙulla ta, ta kuma amince da takwararta ta Afirka a 2001. Sai dai sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai majalisa ta mayar da ita doka. Sannan tsarin mulkin ya raba iko: akwai jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, akwai na tarayya da jihohi, abin da ba a ambata ba kuma na jihohi ne. Sha'anin yara yana cikin wanda ba a ambata ba. Hatta a kan aure, jerin ikon tarayya ya keɓe auren Musulunci da na gargajiya, ya fitar da su daga hannunta. Shi ya sa dokar 2003 ta tsaya a Abuja da kewayenta, kowace jiha kuma sai majalisarta ta zauna ta yi tata. Legas ta yi a 2007. A Arewa aka tsaya ana kallon-kallo.

Dalilan tsayawar ba na banza ba ne, kuma bai kamata a yi musu kallon jahilci ba. Dokar tarayya ta sa tarar naira dubu 500 ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun, ga wanda ya auri yarinyar da ba ta kai 18 ba ko ya aurar da ita, a yankin da fiƙihu da al'ada suka daɗe suna auna aure da balaga. Ta kuma tanadi ɗaukar ɗa irin na Turawa, wanda yaro zai koma amsa sunan wanda ya ɗauke shi ya kuma gaje shi, abin da aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka hana. Wannan na biyun ma bai kai a yi dogon rikici a kansa ba, domin ita kanta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashenta na 20, ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a matsayin halattacciyar hanyar riƙon yaron da ya rasa iyaye. Da aka zo yin dokokin jihohi, hanyar da aka bi ita ce a sauya suna daga "haƙƙin yara" zuwa "kare yara", a gyara batun riƙo ya dace da shari'a, a kuma sassauta batun aure: wasu suka jingina shi da balaga, wasu suka keɓe Musulmi, wasu suka bar shi a dunƙule. Da wannan sulhu aka samu dokokin suka wuce.

To, sun wuce. Yanzu a ɗauki yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka kama da wayar sata a tashar mota. Wace doka ce za ta hau kansa?

Amsar ba ɗaya ba ce. Akwai Final Kod, kundin laifuffukan da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1959 ya fara aiki a 1960, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 50 a cikinsa ya ce yaron da bai kai shekara bakwai ba ba ya laifi, daga bakwai zuwa goma sha biyu kuma sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Daga goma sha biyu zuwa sama, a idon wannan kundi, mai laifi ne kamar kowa. Akwai kuma tsohuwar Dokar Yara da Matasa da Turawan mulki suka fara yi wa Legas a 1943, aka kawo irinta Arewa a 1958, wadda ta kira wanda bai kai goma sha huɗu ba yaro, na sama da shi kuma matashi, ta kafa kotun yara da gidajen ajiye su. Akwai kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci da jihohi goma sha biyu suka ɗauka bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a shekarar 2000, wanda ya rataya haddi da ƙisasi a kan taklifi, wato balaga da hankali. Ga kuma sabuwar dokar kare yara, mai bin sawun ta tarayya wadda ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Bakwai, goma sha biyu, goma sha huɗu, balaga, goma sha takwas, duk a jiha ɗaya. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai ɗauki wadda ya saba da ita, wadda ya saba da ita kuwa ita ce Final Kod.

Shekara bakwai ɗin nan ya kamata ta tayar wa kowane uba hankali. Yaron da bai gama famfara ba, ɗan aji biyu a firamare, doka ta buɗe ƙofar a gurfanar da shi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada ƙasa ta sa wannan iyaka ƙasa da shekara 14. Dokar 2003 da ake ta yabo ba ta ɗaga wannan iyakar ba, ta bar ta yadda Turawa suka bari.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan gaɓar shari'ar Musulunci ta fi dokar Bature tausayin yaro nesa ba kusa ba. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke, kowane ɗalibin zaure ya san shi. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, idan alamomin balaga ba su bayyana ba, zance mafi shahara shi ne sai yaro ya cika shekara goma sha takwas, haka Muktasar na Shehu Halil ya kawo. Shafi'iyya da Hambaliyya ne ke cewa goma sha biyar. Har ila yau a fiƙihu, idan yaro ya yi kisa, ko da gangan ne, ana ɗaukarsa a matsayin kuskure, ba a yi masa ƙisasi, diyya ta hau kan danginsa. Abin da ya lalata na dukiyar mutane kuwa ana biya. Ke nan ba a zubar da haƙƙin wanda aka cuta ba, ba a kuma yi wa yaro hukuncin babba ba. Wannan shi ne ainihin abin da masana shari'ar yara na zamani ke nema. Da masu fafutikar dokar sun shigo ta wannan ƙofa tun 2003, su zauna da malamai a kan babin taklifi kafin babin aure, da an rage shekarun da aka ɓata.

Akwai wani gefen da dole a faɗa. Jingina komai ga alamomin balaga yana da nasa haɗari, musamman ga mata. Yarinya na iya ganin al'ada tana da shekara goma sha biyu, alhali sa'anta namiji yana nan a matsayin yaro har wasu shekaru masu zuwa. Nan ne batun aure da batun laifi suke haɗuwa, ko an so ko ba a so. A 2014 an gurfanar da wata amarya 'yar shekara goma sha huɗu a babbar kotu da ke Gezawa a Jihar Kano bisa zargin sa wa mijinta guba, ana neman a yanke mata hukuncin kisa, sai a 2015 gwamnatin jiha ta janye ƙarar. A Katsina ma an taɓa yanke wa wata hukuncin kisa kan abin da ake zargin ta aikata tana da shekara goma sha uku a gidan miji, har sai da kotun ECOWAS ta ce a 2014 an tauye mata haƙƙi. A irin waɗannan shari'o'i, abin da ke sa a manta yarinya ce shi ne kalmar "matar aure". Sashe na 29 na tsarin mulki, wanda ya ce matar aure ana ɗaukarta ta kai munzali, kuma wanda Majalisar Dattawa ta yi zazzafar muhawara a kansa a 2013, magana yake a kan ajiye shaidar zama ɗan ƙasa kawai, amma tunanin da ke cikinsa ya bi mutane har kotu. Duk yadda jiha ta yanke a kan shekarun aure, ya kamata dokarta ta fito fili ta ce ɗaurin aure ba ya mayar da yarinya babba a gaban mai tuhuma.

Mu koma ga yaron tasha. In ya tsira daga hannun jama'a, wanda ba kullum ake tsira ba, za a kai shi caji ofis. A kan kanta za a tambaye shi suna da unguwa da shekaru. Ba shi da takardar haihuwa, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna yaran da ba su kai shekara biyar ba waɗanda aka yi wa rajista sun ɗan haura rabi ne kawai, a karkarar Arewa kuwa abin ya fi haka ƙasa. Shi kansa bai san shekarunsa ba, sai dai ya ce an haife shi shekarar da aka yi kaza. Ɗan sandan zai dube shi sama da ƙasa, ya ga ya yi tsawo, ya rubuta 18 ko 19. Ba lallai mugunta ce ta sa shi ba. Idan ya rubuta 14, sai ya nemo iyaye, ya nemo jami'in walwalar jama'a, ya nemi ɗakin da zai ajiye shi daban da manya, ya nemi motar da za ta kai shi gidan ajiye yara, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a hannunsa. Lamba biyun nan da ya rubuta a takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu, su za su bi yaron zuwa gaban majistare. In tuhumar ta zama fashi, saboda an ce an ga wuƙa, majistare ba shi da hurumi, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Jiran nan yana iya cin watanni, yana iya cin shekaru. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba.

Dubi kuma abin da dokar 2003 ta tsara wa wannan yaron. Ta ce a kafa sashe na musamman na 'yan sanda masu horo a kan yara. Ta ce da an kama shi a sanar da iyayensa. Ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramar magana ba tare da zuwa kotu ba, ta hanyar sulhu, biyan diyya ko sa ido. Ta ce tsarewa kafin shari'a ita ce mafita ta ƙarshe, kuma na ɗan lokaci. Ta kafa kotun iyali a matakin majistare da na babbar kotu, inda alƙali zai zauna da mataimaka masu sanin halayyar yara, ba 'yan kallo, ba a buga sunan yaro ko hotonsa. Sashe na 221 ya hana a ɗaure yaro a kurkuku, ya hana yi masa bulala, ya hana yanke masa hukuncin kisa. Duk wannan yana rubuce, dokokin jihohi ma sun kwafi mafi yawansa.

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 duniya ta ga tazarar da ke tsakanin rubutun da aikin, kuma a Abuja, inda dokar ta fi shekara ashirin tana aiki. An gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa. Kimanin talatin daga cikinsu yara ne, akasarinsu daga Kano da Kaduna aka kwaso su, sun yi kusan wata uku a tsare. Sun shigo kotu a rame, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kyamarori na ɗauka. Aka sa belin kowannensu naira miliyan goma. Lauyan gwamnati ya shaida wa 'yan jarida cewa manya ne, har da masu aure a cikinsu, kakakin 'yan sanda kuma ya kare gurfanarwar da cewa wanda ya haura shekara bakwai ana iya kai shi kotu. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakinsu ranar 4 ga wata, washegari aka kori ƙarar, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin jihohinsu. Kowace ɓaraka da na lissafa ta bayyana a wannan shari'a guda: gardamar shekaru, iyakar shekara bakwai, aure a matsayin hujjar girma, tsarewa mai tsawo, buɗaɗɗiyar kotu. Kuma umarnin shugaban ƙasa ne ya fitar da su. Yaron da aka kama shi kaɗai a ƙaramar hukuma mai nisa ba shi da kyamarar da za ta kai maganarsa fadar gwamnati.

Wani ƙulli da dokar jiha ba za ta iya kwancewa ita kaɗai ba shi ne 'yan sanda na tarayya ne. Majalisar jiha na iya rubuta cewa a kafa sashen yara a kowane ofishi, amma DPO ba daga gwamna yake karɓar umarni ba, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe a kawo wanda bai taɓa jin labarin dokar ba. Abin da ke hannun jiha shi ne ma'aikatar shari'a, kotuna, ma'aikatar mata da walwala, da kuɗi. Jami'in walwalar jama'a shi ne ƙashin bayan duk wannan tsari. Shi zai je gidan yaro ya ga halin da ake ciki, ya rubuta wa kotu rahoto, ya bibiyi yaron bayan an sake shi. Jihar da ta sa hannu a doka ba ta ɗauki waɗannan ma'aikata ba, ba ta ba su ko babur ba, ta san cewa alƙali ba zai sami wanda zai miƙa wa yaro ba sai gandiroba.

Haka batun kotun iyali. A Arewa, rigimar aure da saki da reno da ciyarwa kotunan shari'ar Musulunci ake kai su, tsarin mulki ma ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a hurumi a kan walicci da riƙon yara tsakanin Musulmi. Matar da tsohon mijinta ya ƙwace mata yaro ko ya ƙi ciyar da shi wurin alƙali za ta, ba za ta nemi wata sabuwar kotu a babban birnin jiha ba. Fiƙihun Malikiyya kuma ya ba uwa reno mai faɗi, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Saboda haka gyaran da zai taɓa rayuwar mutane shi ne a kai jami'an walwala da horon shari'ar yara cikin waɗannan kotuna da jama'a suka riga suka sani, a kuma fayyace a doka wace kotu ce ke da hurumi idan yaro Musulmi ya yi laifi, don kada a riƙa zaɓar kotu gwargwadon hukuncin da ake so.

Sai wurin ajiya. Gidajen horon matasa na tarayya, waɗanda ake kira Bostal, an yi su ne don 'yan shekara 16 zuwa 21 a ƙarƙashin wata doka ta farkon shekarun 1960, kuma shekara da shekaru guda uku ne suka ɗauki ƙasar nan gaba ɗaya: Kaduna, Ilori da Abekuta. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya, ta kuma ce a gina Bostal na maza da na mata a kowace jiha. Ba a gina ba. Jihohi suna da nasu gidajen ajiye yara, irin na Goron Dutse a Kano, amma gida ɗaya ko 'yan ƙalilan ba za su ɗauki jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba. A cikin irin waɗannan gidaje kuma akan haɗa wanda ake tuhuma da kisa, da wanda ya saci kaza, da wanda ya ɓata aka tsince shi, da wanda ubansa ya kawo shi da kansa don ya gagare shi.

Wannan na ƙarshen shi ya kai mu gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa wani a Daura, aka bi da wasu a garuruwa daban-daban, gwamnatoci suka ba da umarnin rufewa. Rufewar daidai ce, abin da aka gani a ciki ba addini ba ne, ba tarbiyya ba ce. Amma yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi. Uwar da ɗanta ɗan shekara goma sha biyar ya faɗa shan kodin da tiramadol, yana sayar da kayan ɗakinta, yana zare wa ƙannensa wuƙa, ina za ta kai shi? Binciken da aka fitar kan shekarar 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya sun kai miliyan 14.3, gadajen jinyar masu shaye-shaye kuwa ba su taka kara sun karya ba. An rufe ƙofar da ta sani, ba a buɗe mata wata ba. Dokokin kare yara sun ba kotu ikon karɓar yaron da ya gagari iyayensa ta sa shi ƙarƙashin kulawa, sai dai kulawar tana bukatar gini da likita da malamin sana'a.

Almajirai ma haka. Sashe na 30 na dokar tarayya ya hana sa yaro bara da talla, sashe na 15 ya wajabta ilimin farko kyauta. Kano ta haramta barar titi a farkon 2020, a lokacin korona kuma gwamnonin Arewa suka riƙa lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Hatsarin da nake gani shi ne a mayar da dokar kariya ta zama dokar kame, a riƙa farautar yaron da ke riƙe da roba a bakin titi, a bar uban da ya turo shi ba guzuri. Yaro mai bara yana cikin waɗanda doka ta kira masu bukatar kulawa da kariya. Wanda za a tuhuma shi ne babba.

Na san abin da mai karatu a Kano zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Masu ƙwacen waya da suka addabi gari, suka kashe mutane a kan wayar da ba ta kai ta kawo ba, da yawansu ba su kai ashirin ba. Wanda aka soka wa ɗan'uwa wuƙa ba ya son jin kalmar "yaro ne". Shari'ar yara ba ta ce a sake shi ya tafi gida ba. Dokar 2003 kanta ta yarda a tsare yaron da ya aikata babban laifi kamar kisa ko fashi, a wurin da aka tanada, na tsawon lokacin da kotu ta gani. Abin da ta ƙi shi ne a jefa ɗan shekara goma sha huɗu ɗaki ɗaya da gaggan 'yan fashi na shekara biyu, a sake shi ba sana'a ba karatu, sannan a yi mamakin abin da ya zama. Unguwar da ya fito ita zai koma, mu ne kuma za mu haɗu da shi a lungu.

Aikin da ke gaban majalisun jihohi yanzu ya fi na baya wuya, domin ba shi da bikin sa hannu. Sai sun koma kan Final Kod da kundin shari'a da tsohuwar dokar 1958 sun daidaita su da sabuwar doka, a san iyaka guda, a ɗaga ta daga shekara bakwai. Sai sun rubuta ƙarara cewa idan aka yi shakkar shekarun wanda ake tuhuma, a ɗauke shi yaro har sai mai ƙara ya kawo hujja, a kuma karɓi shaidar mai unguwa da ungozoma da rajistar makaranta da katin rigakafi, tunda su ne takardun da talaka ke da su. Sulhun da masu unguwanni da dagatai da limamai suke yi tun kaka da kakanni a kan ƙananan laifuffuka, a ba shi gurbi a doka, da rajista da iyaka, yadda ba zai zama hanyar binne fyaɗe ba, don wannan ma yana faruwa. Uzurin cewa gidan yari na tarayya ne shi ma ya ƙare: gyaran tsarin mulkin da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya mayar da gidajen gyaran hali cikin jerin abubuwan da jihohi ma ke da iko a kai.

Akwai kuma abin da ba ya jiran sabon gini ko sabon kasafi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tata, Kano a 2019, ta ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, su duba waɗanda ke tsare, su ba da beli inda ya dace. Babban jojin jiha na iya ba da umarni gobe cewa a kowace ziyara a fito da duk wanda fuskarsa ta nuna ƙuruciya, majistare ya tambaye shi shekarunsa da bakinsa, a aika a kira uwarsa ko mai unguwarsu, a rubuta adadin waɗanda aka samu, a kuma miƙa wa majalisar jiha wannan adadi duk bayan wata uku.